Yadda Ake Tattara Tarihin Kakan da Ya Yi Aikin Sojan Ruwa a Lokacin Yaƙi

Kakana na wajen uwa mutumin bakin Kwara ne, a cikin kwalekwale ya tashi, kuma sanin ruwan da ya yi tun yana yaro shi ya kai shi Ikko ya shiga aikin sojan ruwa kafin yaƙin basasa ya ɓarke. Mun yi shekaru muna ganin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa ba tare da wani ya tambayi abin da ke ciki ba, sai da jikinsa ya fara rauni na zauna na ɗauki labarinsa. Tun daga nan na yi wa gidaje da dama irin wannan aiki, na 'yan uwa da na abokai, wasu kakanninsu na raye, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da na gane shi ne tarihin irin wannan dattijo a wuri uku yake rabe: wani a bakinsa, wani a takardunsa, wani kuma a wajen matar da ya bari a gida, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar biyu bai gama aiki ba. Ga yadda nake yi, daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Babban kayan aikinka wayar hannu ce mai ɗaukar murya da hoto, wadda ke da isasshen wuri a cikinta, tare da fawa banki cike da caji, domin hirar tsoho ba ta jiran a kawo wuta. Ka nemi littafin rubutu mai kauri wanda ba za ka haɗa shi da wani aiki ba, da biro biyu, da fensir mai laushi don rubutu a bayan hotuna. Ka sayi manyan ambulan na takarda kamar goma, da farin ƙyalle mai tsabta wanda za ka shimfiɗa takardu a kai lokacin ɗaukar hoto, da filas ko katin ajiya na waya don adana abin da ka ɗauka. Taswirar Nijeriya mai nuna gaɓar teku tana da amfani ƙwarai, ko da a waya ce, saboda ganin sunan gari yakan tayar wa dattijo da abin da ya daɗe da mantawa. Kada ka manta da tsaraba, goro ko turare ko ɗan abin da ka san yana so, domin ba a zuwa gaban babba hannu rabbana.

Idan wayarka ba ta da kyau, ara ta wani. Idan dattijon ya ƙi a ɗauki muryarsa, to ku je ku biyu, ɗaya yana hira ɗaya yana rubutu, sannan ku zauna a daren ranar ku cike abin da alƙalami ya tsallake tun kafin ya gushe muku.

1. Nemi izini, ka jera waɗanda za ka gana da su

Kafin ka taɓa akwati ko ka kunna waya, ka sanar da babban gida, ko baffa ne ko kawu, abin da kake nufi da kuma inda labarin zai ƙare. Wannan yana da muhimmanci saboda da zarar an ga jika yana tambayar takardun soja, wasu za su zaci kuɗin fansho ko gado yake bi, kuma idan wannan zato ya shiga gida, bakuna sun rufe ke nan. Bayan haka sai ka rubuta sunayen duk waɗanda suka san kakan a wancan zamani: matansa, ƙannensa, manyan 'ya'yansa, abokan aikinsa 'yan mazan jiya, har da maƙwabcin da ya riƙa karanta wa iyalin wasiƙa. Ka jera su bisa shekaru da lafiya, ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni, ko da kuwa shi ne ya fi nisa. Na taɓa ɗage ziyarar wani abokin kakana zuwa bayan damina saboda lalacewar hanya, kafin hanyar ta bushe Allah ya yi masa rasuwa, kuma shi kaɗai ne ya rage cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi a jirgi ɗaya.

2. Buɗe akwatin a gaban mai shi

Ka yi wannan da rana, a inuwa, a gaban kakan ko wanda ke riƙe da kayan, kuma ka fito da abu ɗaya bayan ɗaya. Abubuwan da aka fi samu su ne takardar sallama daga aiki, katin fansho, mindodi, hotuna, wasiƙu, wani lokaci har da hula ko maɓallan kaki. Kowane abu ka shimfiɗa shi a kan farin ƙyallen, ka ɗauki hotonsa gaba da baya ba tare da kunna fitilar waya ba, ka ba shi lamba a littafinka, sannan ka rubuta abin da aka gaya maka game da shi da kuma wanda ya faɗa. Abu mafi daraja da za ka nema shi ne lambarsa ta soja. Suna yakan canja, amma lamba ba ta canjawa, kuma duk ofishin da za ka je daga baya ita za a fara tambayarka. Tsoffin sojoji da yawa sukan manta shekarar haihuwar 'ya'yansu amma su karanto lambarsu ba gargada, don haka idan takarda ta ɓata, tambaye shi da baki.

Ka lura da yadda aka rubuta sunansa. Akawun ɗaukar soja sukan rubuta abin da kunnensu ya ji, Audu ya koma Abdu, Mamman ya koma Momo, kuma sau da yawa sunan gari ake sa wa mutum a madadin sunan mahaifinsa. Ka kwafe kowane salo yadda yake, kada ka gyara.

Akwai kurakurai uku da ke lalata irin waɗannan kaya. Na farko shi ne kai tsohuwar takarda a liƙe ta cikin roba da na'ura mai zafi. Na ga takardar sallama da aka yi wa haka a wani shago, tawadar ta baje, hatimin ya dushe, kuma ba yadda za a yi a ɓare robar. Na biyu shi ne ɗinke yagaggen wuri da salatif, wanda bayan 'yan shekaru yake barin jan tabo. Na uku shi ne goge minda da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, abin da ke cinye rubutun jikinta. Ka sa kowace takarda a ambulan ɗinta, ka ɗora akwatin a kan wani abu don ya rabu da ƙasa saboda gara da laimar damina.

3. Tantance wane yaƙi ne, kuma wace runduna ce

A nan gidaje da yawa ke ruɗewa, domin a bakin iyali duk wanda ya hau jirgin ruwa da kaki sojan ruwa ne. Idan ana cewa kakan ya je yaƙin Bama ko yaƙin Hitila, to maganar yaƙin duniya na biyu ake yi, na 1939 zuwa 1945, kuma akasarin mutanenmu da suka je sojan ƙasa ne na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943. Jirgin ruwa ne ya kwashe su makonni a teku zuwa Indiya, daga can suka shiga dazukan Bama, shi ya sa labarin teku ya cika bakinsu. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a barikokinmu har yau, kamar Arakan da Myohaung a Legas, haka ma sunan rundunar Chindit a barikin Zariya, don haka idan ka ji ɗaya daga cikinsu a bakin dattijo, ka san inda ka dosa.

Rundunar sojan ruwa ta Nijeriya kuwa a 1956 aka kafa ta. Kafin ƙasar ta zama jamhuriya a 1963, sunayen jiragenta da HMNS suke farawa, bayan nan suka koma NNS, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka zamanin hoto ko takarda. A yaƙin basasa, wanda ya fara ranar 6 ga Yulin 1967 ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, sojan ruwa ƙarƙashin J. E. A. Wey su ne suka tsare gaɓar teku, su ne kuma suka sauke dakaru a Bonny cikin Yulin 1967 da Kalaba cikin Oktoban shekarar. Jirage irin su NNS Nigeria da Ogoja da Lokoja suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Amma dakarun da aka sauke ɗin, wato runduna ta 3 ta Benjamin Adekunle da ake kira Marin Kwamando, sojan ƙasa ne duk da sunan, kuma 'yan Arewa da yawa a cikinta suka yi yaƙi. Hanya mai sauƙi ta rarrabewa ita ce muƙami da tufafi: wanda ya ce shi kofur ne ko saje ko samanja, sojan ƙasa ne, sojan ruwa kuwa za ka ga Able Seaman ko Petty Officer a takardarsa, da fararen kaya a hoto, da rubutu a ƙyallen da ya zagaye hularsa. Akwai kuma waɗanda suka yi aiki a jiragen kasuwanci na Elder Dempster, su ba sojoji ba ne ko da sun ga yaƙi a teku. Idan bincikenka ya nuna kakan ba sojan ruwa ba ne, ka rubuta abin da ka samu, ka kuma rubuta dalilin da ya sa gida ke kiransa haka.

4. Zama da kakan

Ka zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi, mafi yawa bayan karin kumallo ko bayan la'asar, a ɗakin da ba rediyo ba hayaniyar yara. Ka katse layin wayar don kada kira ya yanke ɗauka, ka ajiye ta a kan matashi kusa da shi, ka gwada na minti ɗaya ka saurara. Da farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata, da wuri, da sunan mai magana. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Gara ka koma sau biyar da ka gajiyar da shi rana ɗaya.

Kada ka fara da yaƙi. Ka fara da ranar da ya bar gida: wa ya raka shi tasha, me ya ɗauka a hannu, mahaifinsa ya yarda ko gudu ya yi, nawa ne kuɗin jirgin ƙasa zuwa Ikko. Daga nan ka bi shi zuwa horo a Apapa, da ranar da ya fara ganin teku, da yadda cikinsa ya yi da igiyar ruwa ta fara wasa da jirgin. Tambayoyin da suka fi buɗe baki su ne na ƙananan abubuwa: me kuke ci a jirgi, ina kake kwana, wa ke kwana kusa da kai, ta yaya kuke gane alƙibla idan jirgi yana juyawa, yaya kuka yi azumi a teku, wace waƙa kuke yi. Da na tambayi kakana maganar alƙibla sai ya yi shiru, ya ɗaga hannu yana nuna yadda wani abokin aikinsa Kirista da ke kula da na'urar nuna shiyya yake yi masa ishara da yatsa ta taga idan lokacin salla ya yi. Daga wannan tambaya ɗaya muka shiga hirar kwana biyu a kan mutanen da ya zauna da su, Yarbawa da Ijo da Efik, har da sunayen da suke kiran juna.

Jika yana da wata dama da ɗa ba shi da ita, wato wasan da ke tsakanin kaka da jika, wanda ke ba ka ikon tambayar abin da mahaifinka ba zai iya ba. Yi amfani da ita cikin ladabi. Idan ya yi shiru, kada ka cike shirun da wata tambaya, ka bar shi ya sauko da kansa. Idan ya faɗi shekarar da ka san ba daidai ba ce, kada ka gyara masa, ka sa alama a littafinka kawai. Kuma kada ka taɓa tambayarsa mutum nawa ya kashe. Idan ya kai kansa ga wurin da ke da ciwo, kamar ranar da aka rasa aboki ko abin da ya gani a gaɓa bayan an sauka, ka saurara. Idan ya ce a kashe wayar, ka kashe nan take, kuma abin da ya faɗa bayan haka amana ce, ba ta shiga rubutu sai da yardarsa. Irin wannan zama yakan hana wasu dattijai barci, don haka ka sanar da wanda ke kula da shi, kuma ka rufe hirar da wani abu mai daɗi, kamar ranar da ya dawo gida.

5. Zama da kaka mace da sauran matan gida

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali a nan rabin tarihin yake. Yayin da yake teku, wani ne ya ciyar da yara, ya yi jinyar iyayensa, ya jira wasiƙar da ke shafe watanni ba ta zo ba. Ka tambaye ta a gidan wa ta zauna, ta yaya kuɗi ke iso mata kuma ta hannun wa, wace sana'a ta kama, wa ke karanta mata wasiƙa kuma wa ke rubuta amsa, a wane rediyo suke jin labarin yaƙi, wane ɗa aka raɗa wa suna uban ba ya nan. Idan ta bi shi bariki a Kurmi, ka tambayi yadda ta yi da harshe da kasuwa da abinci, da matan da suka zama mata 'yan uwa a can. Kakata ta fito mini da wani kwano daga cikin jerenta, ta ce shi ne tsarabar da ya kawo mata da aka gama yaƙi, kuma a cikinsa ta adana wasiƙunsa huɗu na ajami da ba wanda ya san da su a gidan.

Ka tuna cewa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ba kuma za ta faɗi na ɗanta na fari ba. Za ta ce Malam, ko mai gidan, ko shi kawai, don haka ka riƙa rubuta wanda take nufi a gefe, in ba haka ba wanda zai saurara bayan shekaru ashirin ba zai gane ba. Akwai abubuwan da ba za ta faɗa wa namiji ba ko da jikanta ne, kamar yadda halinsa ya sauya bayan ya dawo, ko firgitar da yake yi cikin dare. A nan sai ka wakilta 'yar uwarka ko wata gwaggo da take sakewa da ita, ka ba ta tambayoyin. Wani lokaci kuma maganar wata mata ko ɗa da aka bari a Legas ko Kalaba takan fito. Wannan ya wuce aikin mai tattara tarihi, domin ya shafi nasaba da gado. Ka kai wa manyan gida su yi shawara da malamai, kada ya fara bayyana a rubutunka.

Idan kakan ya rasu, wannan mataki shi ne zai zama ginshiƙin aikinka, sai ka ƙara da ƙannensa da abokansa.

6. Daidaita shekaru, ka nemi shaida a waje

Dattijai ba da lissafin shekara suke tuna abu ba, da aukuwa suke tunawa, don haka ka zana jadawali a littafinka ka rataye kowane labari a jikin abin da aka san ranarsa: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960, kisan Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, shigowar naira a 1973, kisan Murtala a watan Fabrairun 1976. Idan kaka ta ce da fam da sule aka biya sadakin wance, ka san kafin 1973 ne.

Da lambar soja a hannunka, ka fara da ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion da ke jiharku, inda za ka iya samun waɗanda suka san shi; taron tunawa da sojoji na 15 ga Janairun kowace shekara lokaci ne mai kyau na haɗuwa da su. Hukumar fanshon soja tana Abuja, kuma can ake neman bayanin wanda ya karɓi fansho, da takardar da ke nuna dangantakarka da shi. Don sanin yanayin zamanin, akwai Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda za ka nemi tsoffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Wanda danginsa ya rasu a yaƙin duniya zai iya neman sunansa kyauta a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan sojojin yaƙin duniya, wato Commonwealth War Graves Commission, yana gwada duk salon rubutun sunan. Mai halin tafiya kuma ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda aka ajiye jirgin NNS Bonny, ya ga irin ƙuncin wurin da kakansa ya rayu a ciki. Ko'ina ka je, kwafi za ka kai, kada ka bar wa kowa takardar asali, kuma ka guji duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai fito muku da wasu haƙƙoƙi.

7. Rubutawa da adanawa

A ranar da ka yi kowace hira ka kwafe ta zuwa wuri uku: filas, da ma'ajiyar intanet, da wayar wani ɗan uwa da ke wani gari. Sunan kowane fayil ya ƙunshi kwanan wata da sunan mai magana. Idan za ka tura hotunan takardu ta WhatsApp, ka tura su a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancinsu har ƙananan rubutu su daina karantuwa. Mayar da murya rubutu yana cin lokaci, awa ɗaya ta hira takan ci mini awa biyar, kuma ina rubuta maganar yadda ta fito, da karin harshen mai ita, ba na mayar da Sakkwatanci ko Katsinanci zuwa Hausar littafi.

Sa'ad da za ka haɗa labarin, ka bi tsarin rayuwarsa tun daga haihuwa, kana saƙa maganarsa da ta kaka a shekara ɗaya, ta yadda mai karatu zai ga jirgi a Bonny ya kuma ga tsakar gida a wannan watan. A kowane wuri ka nuna inda bayani ya fito: wannan shi ya faɗa, wannan takarda ce ta nuna, wannan gwaggo ce ta ji daga mahaifiyarta. Inda baki biyu suka saɓa, ka kawo duka biyun. Kafin ka buga, ka karanta wa waɗanda suka ba ka labarin su ji, su cire abin da ba su so, kuma idan za a sa wani sashe a Facebook, ka rufe lambar soja da bayanan fansho. Ka buga kwafi ɗaya ga kowane ɗaki na gidan, ka bar shafi biyu farare a ƙarshen kowanne, ka rubuta a samansu tambayoyin da ba ka samu amsarsu ba da sunayen mutanen da ke cikin hotuna waɗanda ba a gane su ba tukuna.